Idan ƙafar tirela ta cije: yadda ake cire ta ba tare da asarar rai ba

Ƙasarmu Nijar ba ta da teku. Shinkafa, siminti, takin zamani da magunguna, mafi yawansu a bayan tirela suke iso mana. Haka kuma albasar Galmi, da wake, da dabbobin kasuwanninmu, a bayan manyan motoci suke fita. Daga Yamai zuwa Damagaram, ta Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni da Maraɗi, tafiyar kusan kilomita 900 ce. A doguwar hanya irin wannan, fashewar taya ba baƙon abu ba ne.

A ce ka ɗauko albasa daga Galmi, ka nufi Maraɗi. Ka wuce Madawa, sai tayar baya ta fashe. Ka tsaya, ka kwance notuna duka, amma ƙafa ta ƙi fita. Ka ja, ka girgiza, ko motsi. Ga rana tana dukan albasa, ga mai kaya yana ta kira a waya. A irin wannan lokaci ne zuciya ke cewa a ɗauko babbar guduma, ko a hura wuta. A irin wannan lokaci ne kuma direbobi da yaran mota ke rasa yatsa, ko ƙafa, ko rai.

Mai karatu, ƙafar da ta cije dabara take so da haƙuri. Idan ka san abin da ya riƙe ta, za ka san yadda za ka sake ta.

Mu fara sanin sunayen sassa

Taya: robar da ke taka ƙasa.

Janti: ƙarfen da taya ke zaune a kansa. A Najeriya ana ce masa rim.

Aksul: babbar sandar ƙarfe da ta ratsa ƙarƙashin tirela, tana riƙe da ƙafar dama da ta hagu.

Cibiya: dunƙulen ƙarfen da ke juyawa a bakin aksul. A jikinta ake ɗaure janti. Tana da ɗan tudu a tsakiya wanda ke shiga cikin babban ramin janti.

Bulon da noti: bulon shi ne namijin, yana kafe a jikin cibiya. Noti shi ne macen da ake murzawa a kansa. Ƴan layukan da noti ke bi, a nan za mu kira su haƙora.

Yawancin tirelolin da ake shigo da su daga Turai suna da bulon 10 a kowace cibiya, kaurin kowane milimita 22. Notinsu yana buƙatar kile, wato sifana, mai lamba 32 ko 33.

Me ya sa ƙafa ke cijewa?

Babban dalili shi ne tsatsa. Tsakanin tudun cibiya da ramin janti, sararin ɗan kaɗan ne ƙwarai, bai kai kaurin farce ba. Idan ruwa ya shiga wurin, ƙarfe ya yi tsatsa. Ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci kumburi. Sai ta cika sararin, ta manne janti da cibiya kamar an yi musu walda.

Ga abubuwan da ke gaggauta wannan:

Damina. Tirelar da ta ratsa ruwan ƙorama ko taɓo, sannan aka ajiye ta kwana da kwanaki, ita ce ta fi cijewa.

Irin kayan da aka ɗauka. Gishiri, kanwa da takin zamani suna cin ƙarfe. Idan ruwan sama ya jiƙa buhuna, ruwan da ke ɗiga a kan ƙafafu ya fi ruwan banza saurin kawo tsatsa.

Haɗuwar ƙarfe iri biyu. Idan janti na alminiyom ne, cibiya kuwa ta baƙin ƙarfe, danshi yakan haifar da wani farin gari a tsakaninsu, wanda ke manne su da ƙarfi.

Zafi. Birkin da ke kamawa bai saki ba, ko boris da ya bushe, wato rulma, suna sa cibiya ta yi zafi sosai. Fenti ya narke, mai ya ƙone, sassa su manne.

Ɗauri fiye da kima. Idan an saba tsawaita kile da dogon bututu, mutum biyu su hau, haƙoran bulon suna miƙewa su lalace. Ranar kwancewa sai noti ya ƙi.

Daɗewa. Ƙafar da ta yi shekara biyu ko uku ba a taɓa cire ta ba, da wuya ta fita cikin sauƙi.

Kafin ka taɓa komai, ka gane wace irin cijewa ce ke gabanka. Iri uku ce. Ta farko, noti ya ƙi kwancewa. Ta biyu, notuna sun kwance, janti ya ƙi rabuwa da cibiya. Ta uku, ƙafar ce ba ta juyawa sam, ko tana zafi tana hayaƙi. Wannan ta uku matsalar birki ce ko boris, kuma aikin bakanike ne. Duka da guduma ba ya maganinta.

Abubuwa uku da ke kisa

Na ɗaya, iska. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar iska wajen bar 2. Tayar tirela kuwa tana ɗaukar bar 8 zuwa 9. Ma'anar bar 8 ita ce, kowane ɗan wuri mai faɗin farcen yatsa a cikin taya, iska na tura shi da nauyin wajen kilo 8. Ka tara wannan a jikin taya duka, za ka samu ton masu yawa. Idan janti ya tsage, ko zoben da ke riƙe taya ya kuɓuce, ƙarfen yana fita da gudun da ba a iya kauce masa.

Na biyu, nauyi. Dokar ƙungiyar UEMOA mai lamba 14 ta shekarar 2005 ta ƙayyade ton 12 a kan aksul guda mai tagwayen ƙafafu. Ton 12 daidai yake da buhu 120 masu kilo 100. Babban kaso na wannan nauyi ne ke kan jak idan ka ɗaga. Ita kanta ƙafar, taya da janti, takan kai kilo 100 ko fiye. Idan ta faɗo wa mutum a ƙafa, karaya ce.

Na uku, wuta. Mutane da yawa sun ɗauka idan an sace iska, ba laifi a gasa janti. Wannan kuskure ne babba. Idan zafi ya ratsa ƙarfe ya kai ga roba, robar tana fara dahuwa daga ciki, tana fitar da iska mai kama wuta. Da zarar ta fara, ko an kashe wutar waje ba ta tsayawa. Taya na iya fashewa bayan daƙiƙoƙi, ko mintoci, ko ma awoyi, kuma daga waje ba a ganin alama. Cire bawul ba ya hana wannan. Saboda haka: muddin taya na jikin janti, kada wutar walda, ko gawayi, ko tsumma mai wuta su kusance shi.

Kayan aikin da ya kamata su kasance cikin mota

Jak, wanda wasu ke kira kirik, mai ɗaukar ton 20 ko fiye. Ana rubuta ƙarfinsa a jikinsa.

Katakai masu kauri da ƙwari, na shimfiɗa wa jak da na tokare aksul.

Weji aƙalla 4, na tare ƙafafu.

Kile daidai da noti, da sandarsa.

Guduma, da guntun katako mai tauri.

Liba, wato doguwar sandar ƙarfe mai faɗin baki.

Burushin ƙarfe, tsumma, da man kwance tsatsa irin su WD-40. In babu, gazuwal da aka haɗa da ɗan man inji yana taimakawa.

Alamar tsayawa mai kusurwa uku, fitilar hannu, safar hannu, tabarau na kare ido, da takalmi rufaffe. Silifa ba takalmin wannan aiki ba ne.

Mataki na 1: Shirya wuri

Ka nemi wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe, nesa da kwana da gangara. Gara ka ja mota a hankali ka ƙara ƴan mitoci, ko da taya za ta ƙarasa lalacewa, da ka yi aiki a bakin kwalta inda motoci ke wucewa.

Ka ja birkin tsayawa, ka kashe inji, ka sa makulli a aljihunka. Ka bar tirela haɗe da kan mota, musamman idan tana da lodi. Ka sa weji gaba da bayan ƙafafun ɗaya gefen.

Ka ajiye alamar tsayawa nesa, gaba da baya, yadda mai zuwa zai gan ta da wuri. Idan ka ƙara da rassan itace, kamar yadda aka saba, ka kwashe su idan ka gama. Duwatsun da aka bari a kan titi sun sha kayar da masu babur da dare.

Ka kori yara da ƴan kallo. Mutum biyu sun isa: mai aiki da mai lura.

Sannan ka kusantar da bayan hannunka ga cibiya, ba tare da ka taɓa ba. In tana huci, ko kana jin ƙaurin roba, ka ja da baya ka jira ta huce sarai. Wajen jira, kada ka tsaya daura da gefen taya. Ka tsaya can gaba ko can baya.

Mataki na 2: Duba janti, ka sace iska

Janti iri biyu ne. Akwai mai ƙarfe guda, na tayar da ba ta da tub, kamar masu lamba 22.5. Akwai kuma mai zobe, wanda ake sa wa tub, wato shambur, kamar masu lamba 20 da 24. Mai zobe ya fi haɗari, domin iska ce ke danne zoben, kuma duka ɗaya na iya fizge shi.

Ka haska janti da kyau. Ka nemi tsaga, musamman tsakanin ramukan bulon. Layin tsatsa da ke fitowa daga ƙarƙashin noti alama ce ta ƙafar ta yi tafiya a kwance.

Tun da ƙafar ta cije, kuma za a kai ga duka, ka sace iskar duka kafin ka taɓa noti. Ka cire ƙwayar bawul, ka jira har sautin ya ɗauke, ka zura siririyar waya ka tabbata datti bai toshe bakin ba. Idan tagwaye ne, ka sace duka biyun. Dalili kuwa, wani lokaci jantin ciki ya riga ya tsage, na waje ne kawai ke danne shi. Ana kwance notuna sai ya tarwatse.

Mataki na 3: Sassauta notuna

Ana sassauta noti tun ƙafa na ƙasa, kafin a ɗaga. Ka goge haƙoran da suka fito da burushin ƙarfe. Ka fesa mai a kansu, ka jira kamar minti 20 ko 30.

Ka duba kan bulon. A wasu motoci da tireloli, musamman tsofaffi ƙirar Amurka da Japan, notunan gefen hagu suna kwancewa ta hannun dama ne. Akan buga harafin L a kansu. Mutane da yawa sun karya bulon suna zaton ya cije, alhali ƙara ɗaure shi suke yi.

Ka zaunar da kile sosai, ya haɗiye noti duka. Ka tokare wuyan kile da katako don kada ya karkace. Ka danna a hankali, nauyinka yana sauka sannu a hankali. Kada ka yi tsalle a kan sanda. In noti ya ƙi, ka gwada ɗaure shi ɗan kaɗan, sannan ka kwance. Wannan kai da komowa yana farfasa tsatsa. In ya fara motsi ya sake tsayawa, ka ƙara mai, ka mayar da shi baya, ka sake gwadawa.

Idan kusurwoyin noti sun cinye har kile yana zamewa, bakanike na iya tsaga shi da kurfi ko da abin tsaga noti. Asarar noti ɗaya ƙarama ce.

A wannan mataki rabin zagaye ya isa ga kowane noti.

Mataki na 4: Ɗagawa da tokarewa

Ƙasarmu yashi ce a wurare da yawa, jak kuwa yana nutsewa a yashi. Ka share wurin har ka kai ƙasa mai tauri, ka shimfiɗa katako mai faɗi da kauri. Kada ka ɗora jak a kan bulon siminti ko tubali, domin suna fashewa ba gargaɗi.

Ka sa kan jak a ƙarƙashin aksul, kusa da inda sifirin ya zauna, dab da ƙafar da za ka cire. Kada ka sa shi a tsakiyar aksul, yana iya lanƙwasa shi. Ka ɗaga har taya ta bar ƙasa da kamar faɗin yatsu biyu.

Yanzu ka jera katakai a ƙarƙashin aksul, a gicciye, har su taɓa shi. Ka sauke jak kaɗan, nauyi ya zauna a kansu. Jak na ɗagawa ne kawai. Ɗan zoben roba ne ke riƙe man da ke cikinsa, kuma yana iya saki a kowane lokaci. Ga shi kuma za ka yi duka, duka kuwa yana girgiza mota.

Ko an tokare, kada ka shigar da kanka ko ƙirjinka ƙarƙashin tirela lokacin da ake duka.

Mataki na 5: Raba janti da cibiya

Ka cire notuna, amma ka bar uku a wurare daban-daban, a kwance, da sararin kamar kaurin yatsa tsakaninsu da janti. Su ne masu gadinka. Ƙafar da ta cije ba ta sallama a hankali, lokaci guda take saki. Waɗannan notuna uku ne za su tare ta.

Sai ka bi waɗannan dabaru ɗaya bayan ɗaya. Kada ka tsallake zuwa ta gaba sai ta baya ta ƙi.

Dabara ta farko: mai da jira. Ka kankare datti da tsatsa a kewayen babban ramin janti. Ka fesa mai a nan, da cikin ramukan bulon. Ka kiyaye kada mai ya kai ga birki, domin birkin da ya sha mai ba ya kamawa. Ka jira rabin awa, ka sake fesawa. In kana gida ko tasha, ka bar shi ya kwana. Kada ka yi amfani da fetur, kada kuma ka zuba ruwan batir.

Dabara ta biyu: duka ta kan katako. Ka ɗora guntun katako a bakin janti, ka doki katakon. Ka doki sama, ka doki ƙasa, ka doki dama, ka doki hagu. Abin da ake nema shi ne girgiza da za ta farfasa tsatsa, don haka duka matsakaici sau da yawa ya fi duka ɗaya mai tsanani. Guduma kai tsaye a kan janti tana lotsa shi, ta kuma haifar da tsaga. Kada ta taɓa bulon. In kana son duka daga ciki, ka zuro dogon katako daga bayan ƙafar, kana tsaye a waje.

Dabara ta uku: liba. Idan tagwaye ne, ka sa liba tsakanin tayoyin biyu, ka ɓanɓara a hankali, abokin aikinka yana duka a ɗaya ɓangaren. Ka riƙa sauya wuri. Ka kula da bututun bawul da tiyon birki.

Dabara ta huɗu: nauyin mota. Ka mayar da notuna duka, ka murza su da hannu har su taɓa janti, sannan ka kwance kowane da zagaye ɗaya. Ka ɗaga, ka janye katakai, ka sauke jak a hankali har nauyi ya hau ƙafar. Sau da yawa a nan za ka ji ƙara, alamar tsatsa ta saki.

Dabara ta biyar: ɗan motsi. In ta huɗu ta ƙi, kuma jantin mai ƙarfe guda ne marar tsaga, tirelar kuma tana da aksul biyu ko uku, ka bar notuna yadda suke, ka kwashe jak da weji. Kowa ya matsa nesa. Direba ya ja mota mita ɗaya ko biyu, da saurin mai tafiya a ƙasa, ya taka birki. Ya koma baya, ya sake takawa. Sau biyu ko uku ya isa. Ba a yin wannan a gangara, ba a kuma hawa titi da notuna a kwance. Da an ji ƙara, a tsaya, a mayar da weji, a sake ɗagawa da tokarewa.

Idan ta saki, ka sa liba ƙarƙashin taya ta ɗauke nauyin, don kada janti ya goge haƙoran bulon. Ku biyu ku jawo ta, ku mirgina ta, ku kwantar da ita a ƙasa. Idan ta karkace za ta faɗi, ku bar ta ta faɗi.

Abin lura: akwai tsofaffin tireloli masu cibiya mai rassa kamar tauraro, inda ƴan ƙarafa ke danne janti a bakin kowane reshe. A irin wannan, ka sassauta notuna amma kada ka cire ko ɗaya. Ka ƙwanƙwasa ƙarafan har su saki, sannan ka cire notuna. In ka riga ka cire, ƙarfen na iya tashi ya same ka a fuska.

Idan duk sun ƙi

Ka tsaya. Tsayawa a nan ba gazawa ba ce. Ka kira bakanike, ko ka aika yaron mota gari mafi kusa. Manyan garejin Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram sun saba da wannan aiki. Bakanike na iya jan ƙafar da abin ja na musamman, ko ya cire cibiya da janti tare ya raba su a gareji. In har sai an sa zafi, dole mai faci ya fara raba taya da janti tukuna. Bulon da noti da wuta ta taɓa sun rasa ƙwarinsu, sai a canza su. Jantin alminiyom da aka gasa ba a sake amfani da shi.

Kada ka ɗaura sarƙa a janti ka sa wata mota ta fizga. Tirela na iya zamowa daga kan katakai, sarƙa kuma in ta tsinke tana sara kamar takobi.

Idan tsautsayi ya auku, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, ko a garzaya da mutum asibiti mafi kusa. Wanda taya ta fashe kusa da shi, a kai shi a duba ko da ba a ga jini ba, domin raunin na iya zama a ciki.

Mayar da ƙafa yadda ba za ta sake cijewa ba

Ka goge tudun cibiya, da fuskarta, da fuskar janti, har ƙarfe ya fito fes. Tsatsa ko busasshen taɓo da aka bari a tsakani yana murƙushewa a hanya, notuna su kwance, ƙafa ta fice ana cikin gudu.

Ka duba kowane bulon. Wanda ya lanƙwashe, ko ya sirance, ko haƙoransa suka cinye, a canza shi. In ɗaya ya karye, a canza har da na kusa da shi dama da hagu, domin su ne suka ɗauki nauyinsa. Jantin da ya tsage, ko ramukansa suka zama kamar ƙwai, ya gama aiki. Walda ba ta gyara shi.

Ka shafa giris ɗan kaɗan a kan tudun cibiya kawai. Fuskokin da ke haɗuwa a bar su a bushe, kada kuma a yi musu fenti mai kauri.

Ka fara murza notuna da hannu. Sannan ka ɗaure su a gicciye: na sama, na ƙasa, na dama, na hagu, har su ƙare. Ka sauke mota, ka yi ɗaurin ƙarshe.

Ɗauri yana da ma'auni. Ga bulon mai milimita 22, masu ƙera aksul suna ba da wajen 600 Nm. Ga yadda za ka gane shi: mutum mai kilo 60 ya sauke nauyinsa a ƙarshen sanda mai tsawon mita 1, ba tsalle. In ka ƙara bututu sanda ta kai mita 2, ƙarfin ya ninka. In mutum biyu suka hau, ya ninka sau huɗu. Nan ne bulon ke miƙewa. Mafi kyau shi ne kile mai ma'auni, wanda ke yin ƙara idan ɗauri ya kai. Ka duba littafin tirelarka don sanin adadin da ya dace da ita.

Wajen ba da iska, a yi amfani da dogon tiyo, kowa ya kauce daga gefen taya. Janti mai zobe a ba shi iska cikin kejin ƙarfe, a wurin mai facin da ya san aikinsa.

Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100, ka tsaya ka sake gwada notuna duka. Wanda ya canza ƙafa a Madawa, ya duba ta a Gidan Rumji.

Rigakafi

Sau ɗaya a shekara, bayan damina, a cire kowace ƙafa a gareji, a goge, a shafa giris a tudun cibiya, a mayar. Aikin yini ɗaya ne a inuwa. Bayan ɗaukar gishiri, kanwa ko taki, a wanke ƙafafu da ruwa mai kyau. Kowace safiya kafin tashi, ka zagaya mota, ka duba notuna da iska. A kowane zango, ka ji ko wata cibiya ta fi sauran zafi.

Kai kuma mai mota, da kai mai kaya, kuna da hannu a wannan al'amari. Lodi fiye da ƙa'ida yana gajiyar da bulon da janti. Yawan kira da matsa wa direba lamba shi ke sa ya ɗauki hanyar gaggawa. Ku saya masa jak mai ƙarfi da katakai, ku ba shi lokaci. Albasa in ta lalace, baɗi ana noma wata. Yaron mota kuwa amana ce iyayensa suka ba ku.

Abubuwan tunawa

1. A gane irin cijewar kafin a fara aiki.
2. A sace iska kafin a taɓa noti, tagwaye duka biyun.
3. A tokare aksul da katako, kada a dogara da jak.
4. A bar noti uku su tare ƙafa.
5. Mai, jira, sannan duka ta kan katako.
6. Ba wuta muddin taya na jikin janti.
7. A sake duba notuna bayan kilomita 50 zuwa 100.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

Me ya sa cire bawul ba ya hana taya fashewa idan an gasa janti?

Mutum mai kilo 60 ya hau sanda mai mita 2. Ɗaurin ya kai nawa, kuma me zai sami bulon?

A cikin kayan aikin da aka lissafa, waɗanne ne babu a motar da ka sani? Wa ya kamata ya saye su?

Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kai kowa gida lafiya.